Wa Ya Ci Kuɗin? Raddi Ga Masu Tsine Wa Finafinan Japan Ba Su Gani Ba



Aikina a zauren mai gidanmu riƙon alƙalami ne. Idan manya suna magana, ni rubutu nake yi, ba na tsoma baki sai an ce in karanto abin da aka faɗa. Shi ya sa ranar da aka tayar da zancen finafinan Japan bayan la'asar na ja bakina na yi shiru. Abin da ya kawo zancen shi ne wasu samarinmu masu karatu a jami'a sun taru sun kalli wani tsohon fim na Japan a kan matan gidan karuwai, suka yi ta muhawara a kansa har maganar ta fito titi. Wani Ustazu, wanda nake ganin girman karatunsa ko da yake na ba shi kusan shekara ashirin, ya ce wannan tallata alfasha ne, kuma wanda ya shirya fim ɗin da wanda ya kalla duk kanwar ja ce. Mai gida ya tambaye shi ko ya ga fim ɗin. Ya ce Allah Ya kiyashe shi. Aka yi dariya, aka tashi.

Ni ban yi dariya ba, domin tun muna gaban malamanmu na zaure aka koya mana cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin. Sai na sa ɗana ya nemo mini finafinan, na zauna dare bayan dare ina kallo a kwamfutarsa, ina bin fassarar Turanci da ke ƙasan allo da ƙyar saboda idon ya fara gajiya. Yanzu da na gani, ina da ta cewa, kuma ba Ustazu kaɗai za ta shafa ba.

Mu kawar da abu ɗaya daga hanya. Zina haramun ce, cin kuɗinta haramun ne, babu mai ja a nan. Wanda yake jiran in sassauta wannan sai ya nemi wani marubucin. Abin da nake ja a kansa shi ne a ce duk labarin da aka sa karuwa a tsakiyarsa kira ne zuwa ga karuwanci. Finafinan da na gani tambaya ɗaya suke maimaitawa, kuma tambaya ce ta mai riƙe da littafin lissafi irina: kuɗin da matar nan ta samo, a cikin wa ya ƙare?

Fim ɗin da samarin suka kalla sunansa Akasen Chitai, wato Unguwar Jan Layi. Mizoguchi Kenji ne ya shirya shi, ya fito a watan Maris na 1956, shi kuma ya rasu a watan Agustan shekarar da sankarar jini, yana da shekara 58. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Sunan yana da asali. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, hukumar mamaya ta Amurka ta ba da umarnin soke karuwanci mai lasisi, sai 'yan sandan Japan suka ɗauki jan alƙalami suka zagaye wasu unguwanni a taswira, a cikin layin a ci gaba da sana'a da sunan shagunan shan abin sha. Mafi shahara a cikinsu ita ce Yoshiwara ta Tokiyo, wadda hukuma ta ba izini tun 1617. Shekara ɗari uku da ɗoriya ana kawo 'yan mata daga ƙauyukan da yunwa ta ci, ana ba iyayensu kuɗin kafin alƙalami, a rubuta kuɗin a matsayin bashi a wuyan yarinyar. Tufafinta bashi, abincinta bashi, maganinta bashi. Kusa da unguwar akwai wurin bauta na mabiya Buda mai suna Jokanji, inda ake kai gawar waɗanda suka mutu babu mai karɓa. Mutanen gari suka yi masa laƙabi da wurin jefarwa, kuma ana ƙiyasta matan da ke kwance a can sun kai 25,000.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya tsaya mini a maƙogwaro. A 1872 gwamnatin Japan ta ba da dokar 'yanta matan, ma'aikatar shari'a kuma ta bi da bayanin dalilin da ya sa ba za a bi su bashin ba: wai sun rasa 'yancin kansu har sun zama daidai da shanu da dawaki, mutum kuwa ba ya bin saniya bashi. Ku ji yadda ake 'yanta mutum da zagi. Duk da haka ba a daɗe ba masu gidajen suka sake suna, suka ce ɗakuna kawai suke ba da haya, matan kuma da son ransu suke zuwa, bashin yana nan inda yake. Sai a 1955 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa irin wannan bashi ɓatacce ne.

Shi kansa Mizoguchi ba daga nesa ya hango lamarin ba. Kasuwancin mahaifinsa ya karye yana yaro, aka ba da yayarsa Suzu riƙo, daga can aka sayar da ita gidan geisha, matan da ake koya wa kiɗa da rawa domin nishaɗantar da masu kuɗi. Ita ce daga baya ta riƙe shi, ta ciyar da shi, ta nema masa aiki. Wato shi ma ya ci. Ba waliyyi ba ne, tarihinsa da mata ba abin koyi ba ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma ya ƙare rayuwarsa yana nuna wurin da yatsa.

Mata biyar ne a fim ɗin, a wani gida da aka raɗa wa suna Ƙauyen Mafarki, a daidai lokacin da rediyo ke kawo rahoton muhawarar majalisa a kan dokar hana sana'ar. Hanae matar aure ce mai tabarau, mijinta ba shi da aiki, tarin fuka ya kwantar da shi, ga jariri. Da dare takan cire kwalliya ta koma gida da magani da madara. Wata rana ta tarar mijin yana shirin rataye kansa, ta hana shi. Yumeko bazawara ce, shekaru tana aika kuɗi ƙauye ana renon ɗanta namiji, burinta ya girma ya ɗauke ta. Yaron ya girma, ya samu aiki a masana'anta a Tokiyo, ya zo unguwar ya hango uwarsa a bakin ƙofa tana jan hannun maza. Da suka haɗu a bayan masana'antar ya ce mata ya yanke duk abin da ke tsakaninsu. Hankalinta ya gushe, motar asibiti ta zo ta ɗauke ta, abokan zamanta suna tsaye suna kallo. Naman jikin yaron nan da ƙashinsa da karatunsa duk da wane kuɗi aka gina su? Ya ci, ya ƙoshi, sannan ya gano abincin yana da wari.

Sai Miki, 'yar mai kuɗi daga Kobe, mai taunar cingam da rashin kunya. Mahaifinta ya zo har ɗakinta ya ce ta koma gida. Ina kallo na ce to, ga uba ya zo. Ashe abin da ya kawo shi auren ƙanwarta da aikin ɗan'uwanta ne, kada sunanta ya ɓata musu. A nan ta ji cewa mahaifiyarta ta rasu, kuma har ya sake aure. Ta tuna masa neman matan da ya yi ta yi har baƙin ciki ya cinye uwarta, ta kore shi. Mai gidan karuwan kuwa, duk lokacin da dokar ta faɗi a majalisa, yakan tara matan ya yi musu huɗuba cewa shi ne gatansu, shi ke yin aikin jinƙan da gwamnati ta kasa yi.

Ustazu, Allah Ya ƙara maka sani, ai ka san wannan mutumin. Ka karanta shi a Sahihu Muslim. Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, yana da kuyangi biyu, Musaika da Umaima, yana tilasta musu su fita su samo masa kuɗi da jikinsu. Suka kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aya ta 33 ta Suratun Nur ta sauka. Wa ayar ta fuskanta da hani? Mai tilastawa, mai karɓar kuɗin. Waɗanda aka tilasta kuwa gafara da rahama aka ambata musu. Malaman hadisi sun riƙe sunayen matan nan biyu, sun ruwaito sana'ar da aka sa su, ba wanda ya ce sun tallata alfasha. Haka kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim, na karuwar Bani Isra'ila da ta cire huffinta ta ɗebo wa kare ruwa a rijiya aka gafarta mata. Kai da kanka ka karanta mana shi a wa'azi. Idan ambaton karuwa da alheri laifi ne, da wannan hadisi za ka fara.

Kuma in tambaye mu duka, tsarana musamman. Wa ya tashi a zango bai kalli Pakeezah ba, ko Umrao Jaan? Meena Kumari a 1972, Rekha a 1981, dukansu matan gidan rawa suka fito, waɗanda attajirai ke biya. Mun haddace sautin waƙoƙin ba mu san ma'anarsu ba, iyayenmu mata sun yi kuka, ba a taɓa kai maganar zaure ba. Me ya sa? Saboda an lulluɓe abin da zinariya da fitilu da kiɗa mai daɗi. Idan akwai fim ɗin da zai sa yarinya ta yi sha'awar irin wannan rayuwa, ai mai zinariyar ne. A na Mizoguchi babu tsiraici, babu abin da zai motsa sha'awar mai lafiya. Akwai lissafin kuɗi, da tari, da takalmin da ya tsinke. Yana ƙarewa da wata ƙaramar yarinya 'yar aikin gidan, Shizuko, da aka shafa wa farar hoda a karon farko, ta laɓe a jikin bango tana ƙoƙarin kiran masu wucewa, muryar ta ƙi fita. Wanda ya ga fuskar yarinyar nan ya ce talla ce, to ban san abin da ake kira gargaɗi ba.

Yanzu in juyo kan samarinmu, domin su ma ba su tsira ba. Na ji abin da wasunsu ke cewa: wai finafinan suna nuna 'yancin mace a kan jikinta, wai ƙawancen matan wata aljanna ce da suka gina nesa da maza. 'Ya'yana, wannan karatun daga wani littafin kuka kwaso shi, ba daga allon ba. A cikin matan biyar akwai Yasumi, wadda ta fi kowa kasuwa. Ita ke ba 'yan'uwanta rance da ruwa, tana bin su da littafi. Ta yaudari wani ma'aikaci da alkawarin aure har ya ci kuɗin wurin aikinsa, ya kusa kashe ta. Ita kaɗai ce ta fita, kuma da ta fita sai ta karɓe shagon katifu da barguna na wani da ya karye a kanta, ta dawo tana sayar wa gidan da ta baro. Wato hanyar fita ɗaya da fim ɗin ya nuna ita ce ka koma cikin masu ci.

Ƙawancen yana nan, ban musa ba, amma irin na fursunoni ne. Dubi Yorie, wadda ta daɗe tana tara tukwane da kwanoni domin ranar aure. Da ta yanke shawarar guduwa wurin mutumin da ya yi mata alkawari, abokan zamanta suka haɗa mata 'yar walima, kowa ta kawo abin da ta iya, suka raka ta a ɓoye. Ba a jima ba ta dawo a gajiye, domin mutumin baiwa yake nema wadda ba zai biya ba. Su ɗin dai suka karɓe ta. Suna faɗa, suna gori, suna ƙwace wa juna baƙi, amma idan ɗaya ta faɗi babu mai ɗaga ta sai su. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni abin da na gani shi ne duk inda ƙawa ta tsaya a finafinan nan, gurbin wani ne da ya gudu: uba, ko wa, ko miji, ko ɗa. Yabon ƙawancen ba tare da tambayar ina dangin suka shiga ba, rabin kallo ne.

Kuma ba kowane fim na Japan a kan wannan batu zan tsaya wa ba. Na fara Nikutai no Mon na Suzuki Seijun, na 1964, labarin wasu mata a kangon Tokiyo bayan yaƙi da suka kafa wa kansu doka cewa duk wadda ta ba namiji kanta kyauta za a tuɓe ta a ɗaure a yi mata bulala. Ban ƙarasa shi ba. Na'urar ɗaukar hoton tana jin daɗin bulalar fiye da yadda take jin tausayin mai shan ta. Daga 1971 kamfanin Nikkatsu da ya yi shi ya koma yin finafinan batsa gadan-gadan. A kan irin waɗannan, Ustazu, hannuna yana cikin naka. Amma rarrabe tsakanin wannan da wancan sai wanda ya duba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Sandakan Hachiban Shokan, wato Gida Na Takwas A Sandakan, na Kumai Kei, 1974. An ɗauko shi daga littafin wata mai bincike, Yamazaki Tomoko, da ya fito a 1972. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, an yi ta kwasar 'yan mata daga yankunan talauci na kudancin Japan, musamman Amakusa da Shimabara, ana kai su gidajen karuwai a Singafo da Borneo da sauran tashoshin jiragen ruwa. Ana kiransu karayuki, masu tafiya ƙetare. Kuɗin da suke aikowa ya gina gidaje, ya sayi gonaki. Da Japan ta yi ƙarfi ta fara jin kunyarsu, sai aka rufe gidajen, aka rufe bakin kowa.

A fim ɗin, mai binciken, Keiko, ta haɗu da wata tsohuwa, Osaki, a wani ɗan gidan abinci a Amakusa, ta bi ta gida. Gidan bukka ce da ta kusa faɗuwa, tabarmin sun ruɓe, ƙwari na yawo, maguna da aka yasar sun cika ko'ina, tsohuwar na raba abincinta da su. Keiko ta cire takalmi ta hau tabarmar ta zauna, har ta kishingiɗa. Wannan kawai ya sa tsohuwar farin ciki kamar an ba ta duniya, domin matar ɗanta ba ta taɓa taka gidan ba. Sai ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa ga surukarta ta zo. Mako uku suna kwana ɗaki ɗaya, labarin yana fitowa kaɗan kaɗan. An sayar da ita tana ƙarama a kan yen 300, da ta isa Sandakan aka ce bashin ya zama 2,000. Ta yi ta aiko wa wanta kuɗi har ya gina gida ya yi aure. Da ta dawo, wan ya hana ta zagaya gaida maƙwabta saboda abin da mutane za su ce, kuma tana wanka ta jiyo shi da matarsa suna shawarar yadda za su tsare gidan kada ta ce nata ne. Ta tafi Manchuriya, ta yi aure, ta haifi ɗa. Da ɗan ya tashi aure a Kiyoto, sai ya mayar da ita ƙauye, yana aiko mata da ɗan abin da ba ya isa.

Mutum ɗaya da ta riƙe su da mutunci a Sandakan ita ce Okiku, tsohuwar da ta karɓi gidan, wadda mu za mu kira magajiya. Ita ma ta bi ta hanyar. Ta sayi fili a kan tudu ta yi wa matan maƙabarta, domin ta san babu mai zuwa ɗaukar gawarsu. Tana gargaɗinsu kada su koma Japan. A ƙarshen fim ɗin Keiko ta je ta nemo kaburburan a cikin daji, ta tarar duk sun juya wa Japan baya.

Amma wurin da ya karya ni shi ne rabuwarsu. Keiko ta zo da ƙarya, ba ta faɗi cewa littafi za ta rubuta ba, har hotuna ta ɗauke a gidan wani ba da izini ba. Daren tafiyarta ta durƙusa ta faɗi gaskiya. Tsohuwar ta nuna mata cewa ta daɗe da gane ba 'yar gudun gida ba ce kamar yadda ta fara zato, kuma ba ta tambaye ta ba ne domin kowa yana da dalilin da ya sa yake rufe nasa. Keiko ta miƙa mata kuɗi, ta ƙi karɓa. Ta roƙi abu ɗaya, tawul ɗin da Keiko ta yi amfani da shi a kwanakin nan. Da ta karɓa ta juya baya ta fashe da kuka irin na wanda ya shekara hamsin yana haɗiyewa. Matar da kowa ya mayar da ita kuɗi tun tana yarinya ta samu mutum ɗaya da ba ta so kuɗi ya shiga tsakaninsu. Mu da muka karanta babin sutura da hana bin diddigin mutane, sai ga tsohuwar karuwa da ba ta san alif ba tana aiki da shi a kan baƙuwarta. Tanaka Kinuyo ce ta fito a matsayin tsohuwar, kuma da wannan ta karɓi lambar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Barlin a 1975, shekara biyu kafin rasuwarta.

Ustazu ba shi ne na farko ba. Da aka nuna fim ɗin a ƙasar Sin a 1978, wasu sun tashi sun ce na batsa ne, zai lalata matasa, a hana. Babban marubucinsu Ba Jin, yana da shekara 74, ya ɗauki alƙalami ya kare shi, ya kuma kare hankalin matasan da ake cewa ba za su iya rarrabewa ba.

Ita Tanaka ɗin ta shirya finafinai shida da kanta tsakanin 1953 da 1962, a zamanin da mace ba ta tsayawa bayan na'ura a Japan. Ɗaya daga ciki, Onna Bakari no Yoru na 1961, wato Daren Mata Zalla, ya bi sawun abin da ya faru bayan doka. Majalisa ta amince da dokar a watan Mayun 1956, hukuncinta ya fara aiki sosai ranar 1 ga Afrilun 1958, Yoshiwara ta kashe fitilunta. Kuniko ta fito daga gidan gyaran hali tana son ta tuba. A kantin kayan masarufi asirinta ya tonu, zaman ya gagara. A masana'anta ta faɗi gaskiya da bakinta tun farko, sai mata 'yan'uwanta ma'aikata suka taru suka yi mata azaba. A gonar furanni wani saurayi ya so ta da aure, danginsa suka ce faufau. Ta ƙare a bakin teku cikin mata masu nutso. Mace ce ta shirya wannan, kuma ba ta ɓoye cewa matan kirki sun fi kowa iya rufe ƙofar tuba ba. Dokar kanta kuwa ta tanadi hukunci ga kawali da mai gida da matar da ta tsaya a titi tana kira, amma ba ta tanadi komai ga namijin da ya biya ba. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Akwai inda na ga gazawarsu. Waɗannan finafinai da na ambata kukan matan Japan suke yi. Matan Koriya da Sin da Filifin da sojojin Japan suka tsare a gidajen sojoji lokacin yaƙi ba su samu irin wannan kuka a cikinsu ba. Kowace al'umma tana da inda idonta ke tsayawa.

Namu idon fa? Ba na son in ja zancen Japan in kawo shi inda bai dace ba, al'adarsu daban, addininsu daban, kuma mu ba mu taɓa samun unguwar da hukuma ta zagaye da jan layi shekara ɗari uku ba. Amma kalmar magajiya da gidan mata ba daga Japananci muka aro su ba, kuma duk wanda ya tashi a zango ya san ƙofar da ake nunawa da baki ba da hannu ba. Shekarun baya wata mata ta rasu a irin wannan gida a unguwarmu. Baƙuwa ce, daga arewa ta zo, aure ya mutu mata tana ƙarama. Aka aika wa danginta, shiru. Abokan zamanta ne suka fasa adashinsu suka sayi likkafani, suka nemo mai wanka, suka biya masu haƙa, suka tsaya daga nesa da mayafansu har aka dawo daga maƙabarta. Ranar uku sai ga wanta ya sauka daga mota, ya zo zaure yana neman a ba shi kayan ɗakinta, yana magana yana kawar da kai kamar sunanta zai ɓata masa alwala. Mai gida ya sa ni in rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan akwatinta muka tarar da takardun aika kuɗi ɗaure da roba, na shekaru, wata bayan wata, duk da sunansa. Na karanto su da ƙarfi kamar yadda aikina yake. Bai ce komai ba, ya karɓi akwatin da talabijin da keken ɗinki.

Da za a rufe zaman, mai gida ya ce a cire kuɗin likkafani da na haƙa daga abin da ta bari a mayar wa matan, domin haka shari'a ta tsara, ana fara fitar da kuɗin jana'iza kafin gado. Babbarsu tana durƙushe a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce, ranka ya daɗe, a bar shi, sai dai tana roƙon Malam ya rubuta a littafi cewa likkafanin nan ba bashi ba ne a kan kowa. Na rubuta, na karanta mata, mai gida ya sa hannu.